Jan Fenti

Sun ba ni taswira da gwangwanin jan fenti,
suka ce: Feriha, duk itacen da layi ya taɓa, shafa masa.
Masaukin ɗalibai ɗari shida zai tsaya a nan,
bayan ɗakin karatu, inda tudu ke gangarawa
yana leƙen tekun Ege ta tsakanin rassan zaitun.

Na san wurin.
Shekarar da lissafi ya kayar da ni
a gindin wancan mai kogo na sha kukana.
Ban faɗa wa kowa a ofis ba.

Nevzat mai lambu ya tare ni da almakashi a ɗamara.
Gwangwanin ya fara gaisarwa kafin ni:
"Sannu da zuwa, alƙali."

Ya ce in ajiye igiyar awo in biyo shi.
Ga katangar da ba ta san siminti ba,
kowane dutse ya jingina da nauyin ɗan'uwansa.
Ga rijiyar da igiya ta ci bakinta
kamar sawun yatsu a kwaɓin burodi.
Ga 'yar hanyar da babu wanda ya zana,
ƙafafun masu makarar aji suka gaje ta
daga jakunan da ke kai zaitun wurin matsa.

"Kwalejin nan shekararta sittin," in ji shi,
ya dafa itacen. "Wannan kuwa babu mai tuna dashensa.
Yau baƙo ke tayar da mai gida."

Na ce: Baba, akwai wata Songul a ajin farko,
mota biyu take canjawa kafin ta iso,
hayar ɗaki a gari ta fi ƙarfin albashin uwarta.
Ita ma inuwa take nema, mai ƙofa da makulli.

Ya daɗe yana kankare ƙasa daga takalminsa.
"Na san ta," ya ce. "Ɓaurena take tsinka a bayan rijiya."

Dare uku ina juya ginin a kan takarda.
Na tura shi gabas, dutse ya ƙi.
Na tura shi kudu, ya zauna a kan rijiya.
Daren ƙarshe, shayi ya huce a gabana,
na lanƙwasa shi kamar gwiwar hannu,
ya rungumi gonar maimakon ya take ta.

A wurin taro ma'aji ya cire tabarau:
"Kowace lanƙwasa kuɗi ce, kin sani?"
Na sani. Ɗakuna goma sha huɗu sun tafi,
filin ajiye motocin malamai ya bi su.
An yi musu har fitilun titi suka kama.
Hannu biyar suka tashi, huɗu suka tsaya a kan tebur.

Itace arba'in da ɗaya ne a tudun.
Bakwai layin bai bari ba.
Huɗu aka tone da saiwarsu, aka naɗe da buhu
aka kai su bayan filin ƙwallo, biyu sun kama.
Uku zarto ya ci.
Mai kogon nan yana cikinsu,
da hannuna na shafa masa jan.

Nevzat ya yi wata biyu ba ya ganina ko mun yi kiciɓis.
Da sanyi ya shigo, na tarar da kwalba a teburina,
ba takarda, ba suna,
man farkon matsa, kore, mai ƙaiƙayin maƙogwaro.
Na dangwala da burodi a tsaye, na yi tari har hawaye.

Yanzu tagogi sun kai hawa na uku.
Ban san ko Songul za ta samu ɗaki ba,
ƙuri'a za a yi, an ce.
Da safe nakan bi ta 'yar hanyar nan zuwa aiki,
ɗaliba na gudu ta wuce ni, gashi a jiƙe,
ta tsallake kututturen ba ta dubi ƙasa ba.